Tulin Akokan: an rufe ramin yuraniyom, to wa zai riƙa auna iskar da mutane ke shaƙa?

Tun da rigima ta ɓarke tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin Orano na Faransa kusan duk muhawarar da ake yi a wuri ɗaya take tsayawa, yuraniyom ɗin na waye, wa ya ci riba, nawa aka biya ƙasa. Tambayoyi ne masu kyau kuma dole a yi su. Amma akwai wani kaya da ba a cika jin ana jayayya a kansa ba, yana nan jibge 'yan kilomitoci kaɗan daga gidajen mutanen Akokan kusa da Arlit, kimanin tan miliyan 20 na tarkacen da ya rage bayan an tace yuraniyom, ya mamaye fili wajen hekta 120, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 35. Shi nake so mu tsaya a kansa, domin yaƙini na shi ne duk wani gyara da za a yi wa wannan tuli bai da amfani ga talakan Akokan matuƙar babu awon iska na gaskiya wanda zai ɗore, kuma wanda mutanen gari za su iya ganin sakamakonsa da idonsu.

Kamfanin Cominak ne ya tara shi. An kafa shi a 1974, ya fara fitar da kaya a 1978, ya tsaya ranar 31 ga Maris 2021 bayan da aka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ƙare, ya fitar da yuraniyom wajen tan 75,000 a tsawon rayuwarsa. Rami ne na ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kusan mita 250, yana cikin mafi girma irinsa a duniya. A lokacin da yake aiki Orano, wanda kafin 2018 ake kira Areva, na da kashi 34 cikin 100, Sopamin na gwamnatin Nijar na da 31, wani kamfanin Japan na da 25, na Sifaniya kuma 10. Ku riƙe wannan kashi 31 ɗin, don yana nufin ita ma ƙasar Nijar da hannunta a ciki, ba 'yar kallo ba ce.

Yanzu a yi lissafi mai sauƙi. Tan 75,000 aka fitar, tan miliyan 20 aka bari, ke nan a kowane tan ɗaya na dutsen da aka haƙo abin da aka ɗauka bai kai kilo 4 ba. Yadda ake yi shi ne a niƙa dutsen ya yi laushi, a jiƙa shi da asid irin wanda muke ce wa ruwan batir, asid ɗin ya narkar da yuraniyom a tsame shi a busar ya zama wani gari rawaya a zuba a ganguna, shekaru da yawa ta tashar jiragen ruwan Kwatano yake bi zuwa Faransa. Sauran taɓon kuma a tura shi bayan masana'anta. Kamar mai tankaɗe ce ta ɗebe gari ta bar dusa, sai dai a nan dusar ce ta riƙe mafi yawan dafin, domin kusan kashi 80 cikin 100 na radiyeshan ɗin da ke cikin dutsen tun asali, wato tartsatsin da ido ba ya gani mai illa ga jiki, a cikin tarkacen yake zama.

Me ya sa? Saboda yuraniyom ba shi kaɗai yake cikin dutse ba. Abu ne da yake ruɓewa a hankali yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai, su ma su rikiɗa zuwa wasu, kuma a kowane mataki ana fitar da radiyeshan. Masana'anta yuraniyom kawai take so, sauran duk ta bar su. A cikin waɗanda aka bari akwai toriyom-230, wanda sai ya yi shekara wajen 75,000 kafin rabinsa ya ƙare, shi ke haifar da radiyom-226 mai shekara 1,600, shi kuma radiyom ya haifi radon-222. To a nan ne maganar iska ta shigo, don radon ba dutse ba ne ba ƙasa ba ce, gas ne, ba shi da launi ba shi da wari, ba ya sa tari ba ya sa hawaye, mutum zai shaƙe shi shekara da shekaru bai san yana yi ba. Shi kansa ba ya daɗewa, cikin kwana 3.8 rabinsa ya tafi, amma tunda radiyom na nan a ƙasa yana haihuwar sabo dare da rana, ba ya yankewa. In ya ruɓe a cikin iska sai ya bar wasu ƙananan burbushi irin su poloniyom, su manne wa ƙura, a shaƙe su su zauna a huhu suna ƙona tsokar wurin daga ciki. Hukumar lafiya ta duniya ta sa radon a sahun gaba cikin abubuwan da ke kawo kansar huhu, taba ce kawai ta fi shi, kuma wanda ya haɗa biyun, yana shan taba yana kuma shaƙar radon, haɗarinsa ya ninka sosai.

Lokacin da dutsen ke can ƙasa mita 250 a dunƙule, yawancin radon ɗin a ciki yake mutuwa bai fito ba. Da aka haƙo shi aka niƙa aka shanya a fili ai an buɗe masa ƙofa ne. Ga kuma ƙura ita kanta, wanda duk ya san arewacin Agadas ya san yadda iska ke tashi da yashi can, ba ciyawa ba itatuwan da za su tare. Ga na uku, wani nau'in radiyeshan da ake ce wa gama, wanda ba sai ka shaƙa ba, tsayuwa kusa da abin ko zama a kansa ya isa.

Wannan na ukun shi ya fara tona al'amarin a cikin gari. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa a lokacin ma'aikacin ma'adinin yuraniyom ne a Arlit, ita ta gayyato masanan CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa a Faransa, suka zo a Disambar 2003, aka ƙwace musu wasu na'urorin awo a filin jirgin Yamai amma duk da haka da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano tsoffin ƙarafa masu radiyeshan ana sayarwa a kasuwar Arlit, ƙarafan da mutane ke saye su yi rufin ɗaki ko kayan aikin gida. A 2007 aka sake gano duwatsun da aka fitar daga rami an yi cikon titi da su a Akokan har a gaban asibiti. A Nuwambar 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta zo ta yi nata awon, rahoton da ta fitar a 2010 ya ce a wani wuri kan titin Akokan radiyeshan ya kai ninki 500 na abin da aka saba gani a yankin, kuma 4 cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗauka sun wuce ƙa'idar yuraniyom ta hukumar lafiya ta duniya. Don a yi adalci, kamfanin ya zo ya kwashe wuraren da aka nuna, aka kuma yi zagayen auna tituna, kuma har kullum matsayinsa shi ne abin da mazauna gari ke ɗauka bai wuce ƙa'ida ba. Sai dai abin lura, a duk waɗannan lokuta wani ne daga waje ko ɗan gari mai ƙaramar na'ura ya fara gani, ba tsarin awon da ke wurin ba. Wannan tarihin ne ya sa ba na ganin laifin ɗan Akokan in aka ce masa komai lafiya ya ce a nuna masa.

Shirin gyaran da aka sanar bayan rufewa ya ƙunshi rushe masana'anta, toshe hanyoyin shiga rami, da kuma babban aikin wato gyara fasalin tulin a rage masa gangara sannan a lulluɓe shi da rufi mai kaurin mita 2, yumɓu da dutsen yashi. An ƙiyasta kuɗin a kan biliyan 95 na sefa, wajen Yuro miliyan 145 ke nan, aka ce aiki zai kai wajen 2033, daga nan a sa ido na aƙalla shekara 5.

Dabarar rufin mai kyau ce, ba yaudara ba ce, haka ake yi a ƙasashe da yawa. Sirrin na cikin wancan kwana 3.8 ɗin. Ba za ka iya hana radiyom haifar da radon ba, amma za ka iya jinkirta tafiyar radon ɗin, in ya ɗauki wajen kwana 38 yana laluben hanya cikin yumɓu to abin da zai fito sama bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, sauran ya mutu a hanya. Dutsen da ke sama kuma aikinsa ya hana iska da ruwa kwashe yumɓun. Matsalar ita ce yumɓu yana wannan aiki sosai ne in yana da ɗan laima a jikinsa, in ya bushe ƙayau sai ya tsattsage, kuma gas ba ya buƙatar babbar kafa. Arlit kuwa wuri ne da rana ke gasa ƙasa kusan duk shekara, ruwan sama ba ya zuwa sosai, amma ranar da ya zo yana iya zuwa da ƙarfi ya yanka kwari a jikin gangara cikin awa ɗaya. Don haka ranar da aka gama lulluɓewa aka auna za a samu lamba mai daɗi, wannan kusan tabbas ne. Abin tambaya shi ne lambar shekara 20 bayan nan, da ta shekara 60.

A Amurka dokarsu ta ce irin wannan rufi a tsara shi ya yi aiki shekara 1,000 in zai yiwu, in ya gaza kada ya kasa 200, kuma gwamnati ce ke karɓar wurin ta ci gaba da kula da shi ba ranar dainawa. A garin Moab na jihar Utah ma ba su yarda da rufewa a wurin ba saboda tulin na bakin kogin Colorado, a 2009 suka fara kwasar tan miliyan 16 a jirgin ƙasa zuwa wani rami da aka tanada wajen kilomita 50 daga can. Jamus kuwa tun 1991 take gyaran wuraren da kamfanin Wismut ya bari a gabashin ƙasar, ta kashe sama da Yuro biliyan 6 kuma har yanzu ana tace ruwa ana awo. Ban kawo waɗannan don in ce dole a yi wa Akokan irin na Moab ba, kwashe tan miliyan 20 shi ma yana da nasa haɗarin, na kawo su ne don a ga shekara 5 na sa ido ta yi kaɗan ƙwarai a kan abin da zai rayu dubban shekaru.

To shi awon iskar yaya ake yinsa? Ba wani sihiri ba ne. Ana kafa tashoshi, wasu a jikin shingen ma'aikata wasu a cikin unguwanni. A kowace akwai ɗan famfo da ke zuƙar iska ta cikin takardar tacewa, bayan wata ɗaya a cire takardar a kai ɗakin gwaji a ga nawa ƙurar da ta kama ke fitarwa. Akwai wani ɗan ƙoƙon roba da ake ratayewa a ɗaki ko a waje wata 2 zuwa 3, a cikinsa akwai ɗan falle wanda duk lokacin da radon ya ruɓe kusa da shi sai ya bar masa tabo ƙanƙani, daga baya a ƙirga tabon da madubin likita. Akwai na auna radiyeshan ɗin gama da ake bari a wuri ɗaya wata 3. A kan rufin kansa kuma ana kifa wani akwati a ga yawan radon da ke fitowa daga kowace murabba'in mita. Daga ƙarshe a haɗa duka a fitar da lamba ɗaya a ma'aunin da ake kira milisibat, kuma ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce kada wata ma'aikata ta ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara a kan abin da yake samu daga ƙasa da sararin sama dama, wanda matsakaicinsa a duniya wajen 2.4 ne.

A wannan kalma ta ƙari ne aikin yake da wuya, kuma a nan ne mai son ya fahimci rahoto ya kamata ya buɗe ido. Na'ura ba ta bambance radon ɗin tuli da radon ɗin ƙasar Allah, jimla take ba ka. Sai an zaɓi wani wuri nesa an ce wannan shi ne asalin yankin, a ɗebe lambarsa daga ta gari, abin da ya rage shi ne laifin ma'aikata. In aka zaɓi wurin da dama can ƙasarsa na da yuraniyom kusa da sama, lambar asali za ta yi girma, ƙarin ya fito ɗan kaɗan, ba tare da kowa ya yi ƙaryar ko lamba ɗaya ba. Haka lokaci, radon ya fi taruwa kusa da ƙasa da dare zuwa asuba lokacin da iska ta kwanta, musamman da sanyi, da rana in zafi ya taso sai ya watse sama, don haka wanda ya zo da na'urar hannu da azahar ya auna ya tafi bai ga komai ba tukuna. Haka wurin da aka kafa tasha, in tana ɓangaren da iska ke fitowa ba ɓangaren da take nufa ba to tsabtatacciyar iska za ta yi ta zuƙa.

Sannan akwai zato da ake sakawa cikin lissafi game da yadda mutum ke rayuwa, awa nawa yake yi a waje, lita nawa yake sha, nawa yake ci daga lambun gari. Mutumin Arlit da bazara a tsakar gida yake kwana a kan tabarma dab da ƙasa daidai lokacin da radon ke taruwa, ruwan da yake sha a rana ya fi na mutumin Turai nesa ba kusa ba, yara a ƙasa suke wasa hannu na zuwa baki, makiyayi kuma yana iya yada zango kusa da shinge. In ba a gina lissafin a kan wannan rayuwa ba lambar da za ta fito ta wani mutum ce daban wanda ba ya zaune a garin.

Wani abin da mutane ba su cika tunawa ba, lokacin gyaran kansa yana cikin lokuta mafi haɗari. Tulin da ya daɗe a zaune samansa kan yi ɓawo, da katafila ta hau ta fara turawa da yanka gangara an fasa ɓawon nan, manyan motoci na kai da kawowa, ƙura ta tashi. Shi ya sa a aikin da aka yi da kyau ake yayyafa ruwa, ake tsayar da aiki in iska ta wuce wani ƙarfi, ake wanke tayoyin mota kafin ta fita, kuma ake sa na'urar da ke ba da lamba nan take ba sai ƙarshen wata ba, don matsakaicin wata yana iya haɗiye mummunar rana guda ba a gan ta ba. Masu aikin kuma, waɗanda da yawansu 'yan kwangila ne, kowa ya kamata a ba shi nasa ma'aunin ya rataya a ƙirji kuma a faɗa masa abin da ya nuna, su ƙa'idarsu milisibat 20 ce a shekara.

Ruwa nasa babin daban ne amma ba a raba su, rufi na sama ba ya gyara abin da ya riga ya tsiyaya ƙasa, kuma ruwan da garuruwan nan biyu masu mutum sama da 100,000 ke sha na ƙarƙashin ƙasa ne wanda ya taru tun dubban shekaru, ba ya sabuntuwa da damina ɗaya ko goma. Rijiyoyin awo da ke kewaye da tulin su ma sai an ci gaba da ɗibarsu.

Nijar na da hukumar kula da lafiyar harkar nukiliya, ARSN, kuma aikinta ne ta bi bayan lambobin kamfani da nata awon. Abin da nake ganin ya dace, kuma ba shi da tsada in aka kwatanta da biliyan 95, shi ne lambar kowace tasha ta fito fili duk wata 3, tasha-tasha ba matsakaicin gari gaba ɗaya ba, a manna a ofishin magajin gari a karanta a rediyo da Hausa da Tamashek, a faɗi inda aka ɗauki lambar asali da dalilin zaɓensa, a raba wasu samfurori biyu ɗaya ya tafi ɗakin gwajin da ba ya cin albashin kamfani ko na gwamnati, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Agadas su shigo da ɗalibansu. Waɗannan ƙoƙunan radon na ratayewa a ɗaki suna cikin mafi arha a kayan awo, ana iya raba ɗaruruwa a gidaje da makarantu, hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar kada iskar ɗaki ta wuce bekerel 100, wato ma'aunin yawan radon, a kowace kubik mita ta iska, in ƙasa ba za ta iya ba to kada ta haura 300. Gidan da aka samu ya wuce, sau da yawa buɗe tagogi da toshe tsagar daɓe na rage shi, in kuma da tarkacen ma'adini aka yi ginin to sai rushewa, kamar yadda aka yi a Mounana ta ƙasar Gabon inda aka rufe ma'adinin yuraniyom a 1999 daga baya aka gano gidajen da aka gina da irin wannan kaya.

Ɓangaren lafiya ma haka. Kansar huhu daga radon ba ta fitowa a shekarar da aka shaƙa, tana iya ɗaukar shekara 10, 20 ko fiye, lokacin ma'aikaci ya yi ritaya ya koma Tawa ko Damagaram ko Maraɗi ba mai haɗa ciwonsa da ramin. An kafa cibiyar bibiyar lafiyar tsoffin ma'aikata ta jihar Agadas a ƙarshen 2011, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa da ta sa hannu a yarjejeniyar kafa cibiyar ta janye tana cewa abin bai cika alkawarinsa ba. Ma'aikata wajen 600 ne suka rasa aiki da Cominak ya rufe ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma kowannensu na da haƙƙin a ba shi takardar adadin radiyeshan ɗin da ya ɗauka tsawon aikinsa ya riƙe a hannunsa.

Akwai kuma tuli na biyu. Somaïr, ɗaya kamfanin yuraniyom ɗin da Orano ke da hannu a ciki, wanda ya girmi Cominak don tun 1971 yake fitar da kaya, yana da nasa miliyoyin tan na tarkace kusa da Arlit, kuma a watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da kamfanin hannun ƙasa gaba ɗaya. Wanda ya karɓi ma'adini ya karɓi tulinsa da tashoshin awonsa da ranar rufewarsa, ko da kotu za ta ce tsohon mai shi ya biya wani kaso. Don haka tun yanzu da ake haƙa ya kamata a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowace ganga ana ajiyewa a asusun da ba a taɓawa sai don rufi da awo, kuma a faɗa wa jama'a nawa ke ciki duk shekara.